Yadda damuwar uwa ke shiga jikin jaririnta tun bai iya magana ba

Ranar da ƙanwata ta cika kwana 23 da haihuwa, jaririnta ya kwana yana kuka. An duba cibiya, lafiya lau. An taɓa jiki, babu zazzaɓi. Wata maƙwabciya ta ce ciwon ciki ne, wata ta ce baki ne ya kama shi tun ranar suna. Aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Da gari ya waye aka kai shi asibiti, ma'aikaciyar jinya ta auna shi, ta dudduba, ta ce ba ta ga komai ba.

Wadda babu wanda ya duba ita ce mai jegon. Mijinta ya rasa aikinsa ana saura 'yan makonni ta haihu, ga kuɗin haya ya taso, ita kuma ta yi kwanaki ba ta samu barcin awa uku a jere ba.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, duk lokacin da Innarmu ta karɓi yaron ta goya, ba a minti goma ya yi barci. Da ya koma hannun uwarsa kuma sai ya sake ɓarkewa. Har ta kai ƙanwata ta fara cewa yaron ba ya son ta.

Wannan magana ce ta sa na shiga neman abin da masana suka gano game da uwa da jariri. Abin da na tarar shi ne, jariri yana jin halin da mahaifiyarsa ke ciki ta hanyar jikinta da muryarta da fuskarta, kuma jikinsa yana amsawa. Ke nan duk mai son hankalin jariri ya kwanta, sai ya fara da kwantar da hankalin uwar.

Gwajin da aka yi wa iyaye mata 69

A shekarar 2014 wasu masu bincike uku a Amurka, Sara Waters da Tessa West da Wendy Berry Mendes, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi wa mata 69 tare da 'ya'yansu 'yan wata 12 zuwa 14.

An liƙa wa uwa da ɗa na'urar auna bugun zuciya, sannan aka raba su na ɗan lokaci. Aka ce kowace uwa ta yi jawabi na minti biyar. Wasu sun yi nasu a gaban mutum biyu da ke murmushi suna gyaɗa kai. Wasu kuma aka haɗa su da masu ɗaure fuska, suna girgiza kai, sun harɗe hannu. Rukuni na uku suka yi jawabin su kaɗai a ɗaki.

Yaran ba su ga abin da ya faru ba, domin ba sa ɗakin. Amma da aka mayar wa kowace uwa ɗanta, cikin 'yan mintuna bugun zuciyar yaran da aka ɗaure wa iyayensu fuska ya ƙaru. Gwargwadon yadda jikin uwar ya nuna tashin hankali, gwargwadon yadda na ɗan ya nuna.

Babu uwar da ta faɗa wa ɗanta cewa an ɓata mata rai. Masana na ganin saƙon yana bi ta yadda ta riƙe shi, da yadda tsokar jikinta ta ɗaure, da saurin numfashinta, da yadda muryarta ta sauya.

Labarin zuciya a tambayi fuska

Tun kafin wannan, a shekarun 1970, wani masanin halayyar yara mai suna Edward Tronick ya yi wani gwaji da ya shahara a duniya. Uwa za ta zauna tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daina, ta tsaya tana kallonsa ba murmushi ba magana, na kamar minti biyu.

Nan take jaririn ke gane an samu sauyi. Zai yi mata murmushi, ya yi gwaranci, ya miƙa hannu. Idan duk bai samu amsa ba sai ya kau da kai, ya fara banƙarewa, daga nan sai kuka. Da uwar ta dawo da fara'arta, yawancin jarirai kan huce cikin ɗan lokaci.

Daga baya wasu masu bincike sun maimaita gwajin, amma a nasu sai aka ce uwar ta duƙufa a kan wayarta. Jariran sun nuna irin wannan damuwar. Wannan abin lura ne ga duk wanda ke karanta wannan rubutu da waya a hannu ɗaya, jariri a ɗaya hannun, uwa ce ko uba.

Akwai kuma wani gwaji da aka wallafa a 1985. An ɗora yara 'yan shekara ɗaya a kan wani tebur da aka rufe da gilashi, wanda daga tsakiyarsa yake kama da rami. Uwa tana tsaye a ɗaya gefen, kusa da abin wasa. Idan yaro ya rarrafo bakin ramin sai ya ɗaga kai ya dubi uwarsa. A cikin yara 19 da iyayensu suka yi musu fara'a, 14 sun tsallaka. A cikin 17 da iyayensu suka nuna tsoro a fuska, ko ɗaya bai tsallaka ba.

Yaro ƙarami bai san abin da ke da haɗari da wanda ba shi da shi ba. Fuskar uwarsa yake dubawa ya yanke hukunci.

Tun yana ciki

Alaƙar ba ranar haihuwa take farawa ba. A watannin ƙarshe na ciki ɗan tayi yana jin sauti, kuma bincike ya nuna cewa jariri ɗan kwana biyu ko uku yana fifita muryar mahaifiyarsa a kan ta wata mace.

Idan mutum ya shiga tashin hankali, jikinsa yana sakin wani sinadari da ake kira kotisol. Amfaninsa shi ne ya shirya jiki don tunkarar haɗari. Ga mai ciki, mabiyiya tana ɗauke da wani sinadarin da ke kashe ƙarfin mafi yawan kotisol kafin ya isa ga ɗan tayi. Don haka ɓacin ran yau da gobe, ko saɓani da miji na yini ɗaya, ba abin da zai sa mai ciki ta tsorata ba ne.

Inda masana ke nuna damuwa shi ne tashin hankali mai tsanani ko wanda ya daɗe. Bincike da dama sun danganta shi da haihuwar bakwaini da haihuwar jariri mara nauyi.

Wani misali ya fito daga ƙasar Kanada. A watan Janairun 1998 ruwan ƙanƙara ya karya turakun lantarki a lardin Quebec, miliyoyin mutane suka shiga duhu a tsakiyar hunturu, wasu har tsawon makonni. Farfesa Suzanne King ta Jami'ar McGill ta bibiyi matan da ke da ciki a lokacin, da 'ya'yan da suka haifa. Ta gano cewa yaran da iyayensu suka fi shan wahala sun ɗan yi ƙasa da sauran a gwajin magana da fahimta lokacin da suka kai shekara biyu, duk da cewa bambancin bai kai na naƙasa ba.

Wanda ya ga yadda ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta raba jama'ar Maiduguri da gidajensu a watan Satumban 2024, ko ya san halin matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ya san cewa akwai masu ciki da masu goyo da yawa a cikinsu. Idan an zo rabon agaji, shinkafa da tabarma ake lissafawa. Ba kasafai ake sa kwanciyar hankalin mai ciki a lissafin ba.

Shin baƙin ciki yana ɓata nono?

Ana yawan jin wannan a gidaje, har wasu matan kan daina shayarwa saboda tsoron nononsu ya gurɓata. Ma'aikatan lafiya na cewa ɓacin rai ba ya mayar da nono guba, kuma ba ya hana jiki samar da shi.

Abin da ke faruwa shi ne, akwai sinadarin oksitosin wanda ke sa nono ya zubo idan jariri ya kama. Tsoro da zafin ciwo da fargaba kan rage aikinsa na ɗan lokaci. Sai jariri ya tsotsa bai samu da sauri ba, ya saki, ya yi kuka. Uwa ta ɗauka ba ta da nono, hankalinta ya ƙara tashi, nonon ya ƙara jinkirin zubowa. A nan ne ake ɗauko ruwa ko madarar gwangwani ko koko, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata shida.

Sau da yawa abin da ake buƙata shi ne uwar ta samu wuri mara hayaniya, ta ci ta sha, ta rungume jaririn a ƙirjinta, ta ci gaba da ba shi a kai a kai.

Natsuwa ma tana bin wannan hanyar

Hanyar da damuwa ke bi ta isa ga jariri, ita ce natsuwa ke bi. A nan ne abin da iyayenmu suka daɗe suna yi ya samu shaidar masana.

A ƙasar Japan, wata tawaga ƙarƙashin Kumi Kuroda ta gano a 2013 cewa idan uwa ta ɗauki jariri mai kuka tana tafiya da shi, bugun zuciyarsa yana sauka, motsinsa ya ragu, kukan ya lafa, fiye da idan tana zaune riƙe da shi. A 2022 suka ƙara da shawarar a yi tafiyar minti biyar ba tsayawa, sannan a zauna da shi minti biyar zuwa takwas kafin a kwantar. Duk wadda ta taɓa goya yaro da zani da majanyi tana kai da komo a tsakar gida ta san wannan ba tare da an rubuta mata ba.

A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya kuwa, ƙarancin kwalaben saka bakwaini ne ya sa wani likita, Edgar Rey, ya fara a 1978 sa iyaye mata su ɗora jariran a ƙirjinsu, fata da fata, a ɗaure da zani. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Najeriya da Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa fara wannan rungumar nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin 100. A Najeriya, a asibitin koyarwa na Ile-Ife aka gudanar da shi.

Akwai kuma abin da ya kamata ya sanyaya zuciyar kowace uwa. Tronick ɗin nan ya gano cewa ko a tsakanin uwa da jariri masu cikakkiyar lafiya, kusan kashi 30 cikin 100 na lokacin wasansu ne kawai suke fahimtar juna daidai. Sauran lokacin kuskure ne da gyara. Uwa ta ɗaure fuska, ta dawo ta yi murmushi. Ta yi jinkirin ɗauka, ta zo ta rarrasa. A wajen masana, wannan dawowar ce ke koya wa yaro cewa damuwa tana zuwa tana wucewa.

Kuma abin ba daga uwa kaɗai yake tasowa ba. Kukan jariri yana tayar da bugun zuciyar duk babban da ke kusa, kuma yawancin jarirai sun fi kuka a wajen mako na shida, sannan ya fara raguwa zuwa wata uku ko huɗu. Uwar da ba ta yi barci ba ta fi saurin ƙosawa, jaririn da ya ji ta ƙosa ya ƙara kuka. Kowanne yana ƙara wa ɗayan. Shi ya sa hannu na uku yake da muhimmanci.

Idan abin ya wuce gajiya

Mata da yawa kan samu kansu cikin saurin kuka da jin haushi daga kwana biyu ko uku bayan haihuwa. Wannan yakan wuce da kansa cikin mako biyu.

Wanda ya zarce haka shi ake kira ciwon damuwa na bayan haihuwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a faɗin duniya kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki da kashi 13 na waɗanda suka haihu suna fama da larurar da ta shafi ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya kai kashi 15.6 ga masu ciki da kashi 19.8 bayan haihuwa. Wato kusan mace ɗaya a cikin masu jego biyar.

Alamominsa sun haɗa da baƙin cikin da ba ya tafiya, rashin jin daɗin abin da a da take so, kasa barci ko da jariri ya yi barci, ƙin abinci, yawan zargin kanta, da jin kamar ba ta shaƙu da jaririn ba. Uwar da ke cikin wannan hali fuskarta kan zauna shiru, irin wadda aka gani a gwajin Tronick, sai dai ita tata ba ta minti biyu ba ce, ta makonni ce.

Akwai kuma nau'i mafi haɗari, da ke samun mace ɗaya zuwa biyu a cikin haihuwa 1,000. Mai jego ta rikice, tana jin muryoyi, tana ganin abin da babu, ko tana maganar cutar da kanta ko jaririn. A gidaje da yawa ana cewa iska ce ta taɓa ta. Ba a hana addu'a ba, amma wannan larura ce ta gaggawa da ke buƙatar likita a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Tana warkewa idan an yi magani.

Haka kuma, kada a jingina kowane kuka ga damuwar uwa. Jaririn da ke zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko yana jijjiga, ko numfashinsa ya yi sauri, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko cibiyarsa na fitar da mugunya, asibiti za a kai shi nan take. Sannan komai zafin kuka ba a girgiza jariri, domin hakan na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya ji ya kai maƙura ya kwantar da shi a wuri mai aminci, ya kira wani.

Jego ya kula da jiki, saura zuciya

Al'adar Bahaushe ta tanadar wa mai jego gata. Mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta. Ana samun tsohuwar da za ta zauna da ita har a yi arba'in, a dafa mata ruwan wanka, a dama kunu, a gasa nama, a ɗauke mata girki da wanki. Ko ba a faɗa ba, wannan tsari ne da ke rage wa uwa nauyi.

Sai dai abubuwa sun sauya. Ma'aurata da yawa yanzu suna zaune a ɗaki ɗaya ko biyu na haya a birni, nesa da dangi. Tsadar rayuwa, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ta sa ko tafiyar da kaka za ta yi don zaman jego sai an yi lissafi. Mata da yawa suna komawa murhu da tallan ƙosai ko ɗinki tun kafin a yi arba'in.

Ko a inda gatan yake, tambayoyin da ake yi wa mai jego ba su wuce ko ta yi wanka, ko ta sha kunu, ko nono ya zo. Idan ta ce ranta ba daɗi, amsar da ta fi samu ita ce ta yi haƙuri, ta gode wa Allah da ta sauka lafiya. Sai ta yi shiru don kada a ce ta yi butulci.

Ga kuma kunyar ɗan fari, inda ake sa ran uwa ba za ta riƙa yi wa ɗanta wasa a gaban mutane ba, ko ta kira sunansa. A babban gida kakanni da gwaggwanni ne ke cike gurbin. A ɗakin haya da babu kowa sai ita, idan ta kama kunya, jaririn ba shi da wata fuskar da zai kalla.

A nan maganar ta dawo kan miji. Shi ne yake kwana a ɗakin, kuma sau da yawa daga wajensa damuwar ke tasowa, ko ta kuɗin cefane, ko faɗa, ko maganar ƙarin aure a tsakiyar jego. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan matansu sun haihu. Mafi yawan magidanta ba ma'aikatan gwamnati ba ne, amma karɓar jariri na awa biyu bayan sallar isha'i don uwar ta runtsa ba ya buƙatar takardar izini daga kowa.

Magani ba sai a babban asibiti ba

A yankin Rawalpindi na ƙasar Pakistan, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida yadda za su zauna da masu ciki da masu jego, su saurare su, su taimaka musu sauya tunanin da ke danne su, su kuma jawo dangi cikin lamarin. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida, kashi 23 cikin 100 na matan da suka samu wannan kulawar ne ke da sauran ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kashi 53 ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin a matsayin littafin horo don sauran ƙasashe.

Darasin a bayyane yake ga ƙasa irin tamu da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci. Akwai wata takardar tambayoyi goma da aka tsara a Edinburgh tun 1987 don gano masu jegon da ke cikin damuwa, wadda ba ta ɗaukar fiye da 'yan mintuna. Mata suna zuwa awon ciki, suna kawo yara rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14. A kowace zuwa ana ɗora jariri a sikeli. Ba wani abu ne mai tsada ba a juya a tambayi wadda ta goyo shi.

A watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Amma matakin farko ga mai jego shi ne ta faɗa wa ungozoma ko ma'aikaciyar jinyar asibitin unguwarsu, ko wani na kusa da ita ya faɗa a madadinta.

Mu a gidanmu, Inna ce ta yanke shawara. Ta ce a daina neman abin da ke damun yaron, a bar uwarsa ta yi barci. Aka tsara cewa daga la'asar zuwa magariba jaririn yana bayan Inna, bayan isha'i yana hannun babansa, ba a tashin uwar sai lokacin shan nono. Yayanmu ya ɗauki nauyin kuɗin hayar.

Kukan bai ɗauke rana ɗaya ba, kuma wataƙila lokacin raguwarsa ne ma ya zo. Amma bayan kamar mako biyu na shiga ɗakin na tarar da ita ta ɗora shi a cinya tana yi masa surutu, shi kuma ya ƙura mata ido. Ba ta sake cewa ba ya son ta ba.

Idan kun je barka gidan mai jego a wannan makon, bayan kun karɓi jariri kun sa masa albarka, ku tambayi uwar awa nawa ta yi barci jiya, sannan ku tsaya ku ji amsar.